Baba Ya Mutu

Aikin Suhaibu shi ne taimaka wa 'yan Indiya su zama manyan ma'aikatan gwamnatin Indiya. Yana yin sa ne daga wani ɗakin haya a Birnin Gwari, a kan tabarma, da waya mai fasasshen gilashi, shi da bai taɓa samun ko aikin masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Tarihi ya karanta a jami'a a Zariya. Wani abokin karatunsa da ya tafi Indiya ƙaro ilimi ne ya haɗa shi da wani ƙaramin kamfani a can, masu manhajar bitar jarrabawa. A ƙasar, duk shekara dubban ɗaruruwan matasa ke zama jarrabawar shiga aikin gwamnati, a ɗauki 'yan kaɗan, sauran su koma gida su sake haddace sunayen garuruwan da suka rushe. Kamfanin kan turo wa Suhaibu babi guda, ya karanta, ya fitar da tambayoyi, kowace da amsoshi huɗu, uku na ƙarya, ɗaya ta gaskiya. Ya lura ƙaryar ta fi wuyar haɗawa, don dole ta yi kama da gaskiya har mai ilimi ya zaɓe ta.

Ta haka ya san Hampi, wadda aka ci da yaƙi aka bar duwatsunta a tsaye. Ya san Fatehpur Sikri, birnin jan dutse da sarki Akbar ya gina, aka zauna 'yan shekaru aka watse, wasu suka ce ƙarancin ruwa ne. Abin da ya fi burge shi, a can in gari ya watse sai a kewaye shi, a sa maigadi, a yanka tikiti, a kira shi kayan tarihi. A nan sunansa kufai, kuma mutum kan sauya hanya don kada ya ratsa ta cikinsa.

Shi ma yana da nasa kufan. Tungar Marina ake ce wa garinsu, can cikin daji bayan Gayam. Da 'yan bindiga suka matsa, gari ya tashi gida-gida, har ya rage saura mutum biyu: mahaifinsa Malam Ladan, marini na ƙarshe a garin, da maƙwabcinsu Shekari, manomi, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a cikinsu, wanda ya tsaya jiran masararsa ta bushe. Malam Ladan ya sa Suhaibu ya fita da mahaifiyarsa Saude, ya ce shi yana da aiki a ramin rini, zai biyo su. Ba wanda ya yi mamaki. Mutum ne da ko ɗaurin auren 'yarsa sai da aka je karofi, wurin ramukan rini, aka taso shi.

A shekarar da gwamnati ta rufe layukan waya a yankin, ana gab da rufewar, Shekari ya kira. Kan wani dutse ya hau kafin ya sami sabis, iska na kaɗa maganarsa, tana zuwa gutsi-gutsi. Abin da Suhaibu ya iya kamawa shi ne: "Malam Suhaibu... baba ya mutu... ku zo ku ɗauke shi." Sai layi ya yanke, kuma bai sake shiga ba.

Suhaibu ya shiga wurin mahaifiyarsa ya durƙusa. Bai ce mata "ya mutu" ba. Akuya ce ke mutuwa, da fitila, da aure. A hanyarsa daga ƙofar gida zuwa ɗakinta ya gyara wa Shekari Hausarsa, ya yi masa uzurin cewa ba harshen uwarsa ba ne.

"Inna, sai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa."

Dattawa suka zauna suka yanke cewa ba a kai rayayyu cikin wannan dajin saboda gawa. Aka yi masa sallah daga nesa, aka yi zaman makoki, Saude ta yi takaba ta fita. Shekari kuwa aka ji ya ɓulla ta wata hanya ya koma garinsu. Shekaru suka wuce, aka yi abin da ake kira sulhu, motoci suka fara bin hanya ba rakiyar soja.

Wata safiya a ƙarshen damina kamfanin ya turo sabon babi: sana'o'in hannu na gargajiya. Suhaibu ya bi ta kan masaƙa da maƙera, ya iso kan masu rini da shuɗi na Gujarat da Rajasthan. Ya karanta yadda suke buga zane da katako mai sassaƙa, da yadda wasu ke shafa laka a wurin da ba sa son rini ya kama. Duk ransa ya guji karofin ubansa saboda wari da baƙin hannu, ga shi yanzu yana koyon sana'ar daga Indiya da Turanci. Babin ya ce marinan can suna ɗaukar ruwan rinin a matsayin abu mai rai. Suna ciyar da shi da mazarƙwaila da farar ƙasa, suna duba kumfarsa da safe kamar yadda ake duba idon marar lafiya, in ya lalace kuma su ce ya mutu.

Tambaya mai kyau ce, ya fara shirya ta. Yana da ɗabi'ar juya jumla zuwa Hausa a ransa don ya tabbatar ya fahimce ta. Ganyen da ake rini da shi, sunansa baba. In ya lalace a rami sai a ce...

Ya ajiye wayar a kan tabarma.

Kalmomin biyu ba ɗaya ba ne a baki. Na mahaifi ana sauke murya a farkonsa, na rini ana ɗaga ta a ja ƙarshen. Amma wannan bambancin ba ya haye dutse da iska da layi mai yankewa. Kuma Shekari sa'an ubansa ne. Tunda Suhaibu ya yi wayo bai taɓa jin ya kira shi Baba ba, kullum Malam Ladan, ko tsoho in suna wasa.

Saude na tsakar gida tana ƙulla daddawar sayarwa. Ya tsaya a kanta, yana ƙoƙarin sa muryarsa ta zama ta mai tambayar banza.

"Inna, wai in rini ya lalace a rami, me marina ke cewa?"

"Yau kuma Indiyawan naka rini suka koma?" Ba ta ɗago ba. "Cewa suke ya mutu mana."

"Me ya mutu?"

"Baban. Malam in ya dawo fuska a murtuke, ba sai na tambaya ba, na san baba ya mutu. Ranar ko tuwo ba ya yabawa." Ta ɗaure bakin leda da haƙori. "In baban na da rai kuwa, Malam ba ya matsawa ko nan da can. Sai ya mutu ake samunsa a gida, shi ya sa ni ban taɓa yi masa ta'aziyya da zuciya ɗaya ba."

Ta yi 'yar dariya. Suhaibu ya sa takalmi ya fita.

Ya ji an ce Shekari ya dawo bayan sulhu, yana kawo masara kasuwa. Ya same shi a layin 'yan hatsi zaune kan buhu, ya tsufa, ya rasa haƙoran gaba, amma murya na nan.

"Kai! Malam Suhaibu! Ɗan boko mai hannu fari! Ina Saude? Ina tsoho? Har yanzu in ya ci tuwo miya na komawa shuɗiya?"

Suhaibu ya zauna a ƙasa, ba don ladabi ba.

"Kawu, ranar da ka kira ni daga kan dutse, me ka ce min?"

"Saƙon tsoho na ba ka. Ya ce, Shekari, in ka hau dutse ka gaya wa yaron nan baba ya mutu, ba abin da ya rage min a nan, su zo su ɗauke ni. Ƙafarsa ta kumbura a lokacin, ba ya iya doguwar tafiya, ni kuma ta cikin rafi na fita, ba hanyar mai ciwon ƙafa ba ce. Na bar shi yana ɗaure kaya." Ya dubi fuskar Suhaibu, murmushin ya tsaya. "Kun je dai?"

"Mun yi masa sallah."

"Wace sallah?"

"Ta gawa."

Shekari ya cire hularsa ya riƙe. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Ni in mutum ya rasu na san yadda ake faɗa, Malam Suhaibu. Shekarata nawa a cikinku?"

Suhaibu ya miƙe ya ce, "Kana da babur?"

Suka bar gari rana na tsaka, Shekari na tuƙi, gorar fetur ta ko-ta-kwana ɗaure a baya. Bayan Gayam kwalta ta ƙare, daga baya turbar ma ta ƙare, sai ciyawa da ta fi mutum tsawo tana dukansu a fuska. A wata mararraba suka iske mutanen daji zaune a inuwa. Sulhun ya yi aiki, don yanzu a baya suke rataya bindiga maimakon a gaba. Babbansu ya tambayi inda za su.

"Tungar Marina," in ji Shekari.

Mutumin ya dubi 'yan uwansa. Rawaninsa shuɗi ne mai duhu, har yana ɗaukar ido, irin wanda ba a samu a kasuwa yanzu. Suhaibu ya so ya tambaye shi inda ya samo, sai ya dubi bindigar ya fasa.

"Mu ba ma shiga nan," in ji mutumin. "Ku fito kafin rana ta faɗi. In ta faɗi ba mu san ku ba."

A gindin tsamiyar da ke bakin gari Shekari ya kashe babur ya kafe shi.

"Nan zan jira ka."

"Kawu, gidanka ma na ciki."

"Na sani. Na bar wa waɗanda ke ciki."

Suhaibu ya shiga shi kaɗai. Ya ga hotunan kufai da yawa a wayarsa, masu share-sharen hanya da allon bayani. Wannan ba a share ba. Jinka ta rufta cikin ɗakuna, kabewar daji ta haye katangu, wata bishiya ta fito ta tsakiyar masallaci daidai inda liman ke tsayawa. Ba kaza, ba hayaƙi, ba sawun kowa. A zauren gidansu, wanda ke fuskantar hanya, ya ga ƙunshin kaya a ɗaure, gara ta cinye ƙasansa, ƙullin saman na nan yadda aka ƙulla shi. Kusa da shi akwai ragowar tabarma, an shimfiɗa ta yadda mai zama zai ga duk wanda ya taho daga tsamiya.

Yana tsaye a nan wari ya iso shi. Warin da ya gudu daga gare shi tun yana yaro ne, mai tsami, kamar na ruɓaɓɓen ganye da toka. Busasshen rami ba ya wari. Ko babin na Indiya ya faɗi haka.

Ya zaga bayan gari inda karofi yake. Ramukan duk sun cike da ƙasa da ciyawa, sai guda ɗaya. A bakinsa wani tsoho na tsaye, ya ba shi baya, yana kaɗa ruwan da doguwar muciya. Kumfa mai ruwan shuɗi da ja ta taru a sama tana juyawa a hankali.

"Salamu alaikum."

Muciya ta shiga ta fito, ta shiga ta fito. Har Suhaibu ya buɗe baki zai sake, sannan aka amsa.

"Wa alaikumus salam. Ka zo."

"Na zo, Baba."

"Da mota?"

"Da babur."

"To da ma ina kayana za su shiga."

Ya juyo. Malam Ladan ne, sai dai kamar an matse shi an shanya. Hannuwansa shuɗi har gwiwa kamar kullum, amma yanzu shuɗin ya hau wuya, ya shiga gemu. Bai miƙo hannu ba, don marini ba ya gaisawa da jiƙaƙƙen hannu. Suhaibu ya durƙusa a kan ciyawa. Ya lura ciyawar ba ta kwanta ba ta kowane ɓangare, ba wata 'yar turba daga ramin zuwa gida ko zuwa rafi.

"Baba, saƙonka ya iso a karkace. Ni na karkatar da shi. Na ɗauka kai ne."

"Ni ne me?"

"Kai ne ka... Mun yi maka sallah, Baba."

Tsohon ya jingina da muciya kamar yana auna labarin wani.

"Wa ya ja?"

"Liman Abdulsamad."

"Ya yi sauri ko? Ko da gawar a gabansa sauri yake, balle babu." Ya yi tari. "Ita fa?"

"Ta yi takaba."

"Ta gama?"

"Tuni."

"To madalla. An rage mata aiki."

Suhaibu ya ji hawaye na zuwa, ya kuma ji kunyarsu, don tsohon bai ba su wurin zama ba. Ya tambaye shi yadda ya rayu, me yake ci, wa ke kawo masa. Malam Ladan ya ce abin da ya samu. Ya ce ya ɗaure kaya ya zauna a zaure, rani ya wuce, damina ta zo, baba ya tsiro a bayan masallaci shi kaɗai ba wanda ya shuka. Ya ga zaman banza ne mutum na kallon hanya ga ganye na lalacewa, sai ya yanka ya haɗa sabon rami.

Yana magana bai kaɗa ba, kumfar ta fara kwanciya. Suhaibu ya ga kafaɗunsa na sauka tare da ita, muryar na shigewa ciki, har kalmar ƙarshe ba ta fito ba sai motsin leɓe. Tsohon ya kama muciya da hannu biyu ya tura, ya ja, ya tura. Kumfa ta taso. Ya miƙe sosai ya ƙarasa maganarsa daga inda ta tsaya.

Kan Suhaibu ya yi abin da ya saba, ya fara jera amsoshi. Mutanen daji ne ke ciyar da shi, yana rina musu rawani. Ko kuwa yunwa da kaɗaici ne suka mai da shi haka, kuma ciyawar ƙarshen damina na tashi da wuri in an taka ta. Ko kuwa shi Suhaibun ne rana ta buga a kan babur. Ta huɗun bai bari ta gama haɗuwa ba.

"Baba, tashi mu tafi. Kawu Shekari na gindin tsamiya. An ce mu fita kafin rana ta faɗi."

"Yanzu?" Ya nuna ramin da haɓa. "Kana ganinsa da rai."

"A bar shi."

"Ba a barinsa da rai. Lokacin da ya mutu na aika, ba ku zo ba. Yanzu sai ku jira. In ya mutu zan aika."

"Wa za ka aika? Ba kowa a garin nan!"

"Kar ka ɗaga min murya a bakin rami, kai. Bokon naka bai kai nan ba."

Suhaibu ya tashi ya koma tsamiya da sauri, ciyawa na yankar ƙafarsa. Babin na safe bai tsaya a kan yadda ake raya rini kaɗai ba, ya faɗi abin da ke kashe shi, kuma mai na ciki. Ya ɗauka fetur ma ba zai bar shi ba. In ramin ya mutu, tsohon da bakinsa ya ce ba abin da zai riƙe shi. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi shekara bai yi masa magana ba, amma zai yi fushin ne a Birnin Gwari, a ɗakin Saude.

Shekari na tsaye riƙe da kan babur, ya riga ya juya shi ya fuskanci hanya.

"Ka same shi?"

"Yana nan. Da ransa." Suhaibu na kwance gorar fetur.

"Da wa kake ta magana?"

"Da shi mana."

"Iska na kawo min muryarka tar, har da inda ka ce ba kowa a garin." Shekari ya dubi kufan. "Taka kaɗai nake ji."

"Muryarsa ta yi ƙasa, Kawu. Tsufa ne."

"Haka ne," in ji Shekari da sauri. "Tsufa ne. Yi maza, ka ga inda rana take."

Da ya dawo karofi ya ɓoye gorar a bayansa, dabarar da ba za ta ruɗi ko akuya ba. Malam Ladan bai ko kalle ta ba. Ya ɗaga kai ya duba rana.

"La'asar ta yi. Riƙe min in yi alwala. Kar ka bari ta kwanta."

Ya jingina muciyar a bakin rami, ya ɗauki wata tsohuwar buta, ya zaga bayan guntuwar katangar da ake shanya zane a da. Suhaibu na jin ƙarar ruwan butar yana zuba a ƙasa, ɗan kaɗan, ya tsaya, ya sake zuba, yadda tsohon ke alwala tun yana jinsa daga ɗaki yana yaro, kamar ruwan na bashi ne.

Ya buɗe gorar. Ya tsaya a bakin ramin, ya karkata ta a hankali. Ɗigo biyu ko uku suka faɗa. Kumfar ta ja baya daga inda suka sauka, ta buɗe wani baƙin da'ira, da'irar na faɗaɗa.

Ƙarar ruwan butar ta tsaya.

Ya jira ta ci gaba. Mai alwala kan tsaya tsakanin fuska da hannu. Ya ƙirga a ransa abin da ya rage: hannu, kai, kunne, ƙafa. Shiru. Ko tsuntsu babu a garin da zai rufe shirun.

"Baba?"

Katangar ba ta fi ƙirjinsa tsawo ba. Taku kaɗan ne ya leƙa ya ga abin da ke bayanta, ya huta da jera amsoshi. Ya dubi katangar, ya dubi ramin. Da'irar ta kusa kai bango, kumfar ta zama siririn zobe a gefe.

Ya yi jifa da gorar cikin ciyawa. Ya durƙusa ya sa tafin hannu yana kwashe saman ruwan inda man ke yawo yana watsarwa waje, ya kwasa, ya kwasa, har hannun rigarsa ya jiƙe. Sannan ya ɗauki muciyar. Ta fi yadda ya zata nauyi, kuma inda ake riƙewa ya lotsa daidai yatsun wani. Ya tura ta ƙasa ya ja, ruwan ya yi masa gardama, ya sake turawa. Bai san ko daidai yake yi ba. Babin ya yi bayanin jihar da ake sana'ar da sunan zanen da ake samu, bai ce ga yadda ake riƙe muciya ba, don ba a tambayar wannan a jarrabawa.

Kafaɗunsa suka ɗau zafi. Wari ya cika masa hanci da baki. Can wasu 'yan ƙwayoyin kumfa suka taso a tsakiya, suka fashe, wasu suka taso suka tsaya.

Bayan katanga aka yi tari. Ruwan buta ya ci gaba da zuba.

Suhaibu bai tsaya ba. Daga tsamiya Shekari ya danna ham, ya sake dannawa, sannan ya ɗaga murya.

"Malam Suhaibu! Rana fa! Ku fito!"

"Ka tafi, Kawu!"

"Me?"

"Na ce ka tafi! Ka dawo gobe da abinci!"

Suhaibu na iya hango shi a ransa, hula a hannu, yana duban rana yana duban kufai.

"To me zan ce wa Saude? Faɗa min da kyau wannan karon, yadda zan faɗa!"

Suhaibu ya buɗe baki, ya ga duk jumlar da ta zo masa fuska biyu gare ta. Da rai, ya farfaɗo, ba a barinsa, duk ana iya faɗarsu a kan wanda ke rami da wanda ke bayan katanga. Abu ɗaya ne ramin ba shi da shi, wato suna. Bai taɓa kiran sunan mahaifinsa da bakinsa ba, ko a bayan idonsa. Ya cika ƙirji ya yi ihu yadda zai kai tsamiya.

"Ka ce mata Malam Ladan yana gaishe ta!"

Babur ya tashi. Ƙararsa ta yi nisa cikin ciyawa, ta dawo kaɗan da iska, ta ɓace.

"Ban ce ba," in ji muryar daga bayan katanga. Aka ajiye buta a ƙasa. "Kuma daga ƙasa ake ɗagowa, ba dukansa ake ba. Ci gaba, in idar."

Suhaibu ya tura muciyar har ƙasa, ya ɗago.